Targaɗen idon sawu: ƙanƙara ko ruwan zafi, kuma yaushe zai koma fili?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya gurɗe ƙafar dama a filin ƙwallo jiya da la'asar. Ƙafar ta lanƙwashe ciki, idon sawun waje ya kumbura suntum. Yana takawa, amma da ɗingishi. A gida an ce a gasa da ruwan zafi a murza man zafi, wasu sun ce a kai shi wurin mai ɗori ya ja ƙafar, kocinsu kuma ya ce ƙanƙara. Wanne za mu bi?

Mai Gashin Ƙashi:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Kafin maganar zafi ko sanyi, sai an tabbatar ba karaya ba ce. Akwai gwajin da likitoci a Ottawa ta Kanada suka fitar a 1992, kuma da yatsa ake yin sa. Ka danna bayan ƙashin idon sawu, na waje da na ciki, daga tsininsa zuwa sama kamar santimita 6. Ka danna tudun ƙashin da ke tsakiyar gefen ƙafa ta ɓangaren ƙaramin yatsa, da wanda ke gefen ciki, gaban idon sawu kaɗan. Idan zafin a kan ƙashi yake, ko kuma ya kasa yin taku 4, ku je a ɗauki hoto yau. In a Kano kuke, Asibitin Ƙashi na Dala na nan.

Idan zafin a tattausan wurin da ke gaba da ƙasan idon sawu yake, to jijiyar da ke ɗaure ƙashin ce ta miƙe ko ta ɗan yage. A kwana 2 zuwa 3 na farko ƙananan hanyoyin jini na wurin suna tsiyaya. Ruwan zafi da murza suna buɗe su, gobe ka ga kumburin ya ninka. Jan ƙafa kuwa ƙara yaga abin da ya riga ya yage ne, domin babu ƙashin da ya goce balle a mayar da shi.

A nannaɗe ledar fiya wata da ta daskare a cikin jiƙaƙƙen tawul, a ɗora minti 15 zuwa 20, duk bayan awa 2 ko 3. Kada ƙanƙara ta taɓa fata tsirara, tana ƙona ta. A naɗa bandeji mai talewa daga gindin yatsu zuwa sama, yana gittawa ta kan idon sawu, a bar yatsun a waje. In suka yi sanyi, suka canja launi ko ya riƙa jin kamar ana tsira musu allura, an matse da yawa. Ya kwanta ya ɗora ƙafar a kan filo biyu ta ɗara ƙirjinsa, kuma a kwance bandejin da dare.

Ummu Khalil:
Na yarda da Malam, amma kada a ɗora wa ƙanƙara abin da ba aikinta ba. Raɗaɗi take ragewa, ba ta ɗinke jijiya. Abin da ke gyara ƙafar motsi ne, kuma nan ne aka fi yin sakaci: yaro ya kwanta mako biyu, zafi ya tafi, ya ɗauki takalmi ya koma fili, bayan wata guda ya sake gurɗewa a wuri ɗaya. Dalili shi ne jijiyar ba ɗauri kawai take yi ba, ita ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta sauka a ƙasa. In ta ji rauni saƙon yana makara, sai an sake koya mata.

Tun daga kwana na 2 ko na 3 ya riƙa ɗaga ƙafar sama yana mayar da ita ƙasa sau 20, sau uku a yini, ya riƙa rubuta baƙaƙe a iska da babban yatsa. Ya taka gwargwadon abin da zai iya, dunduniya ta fara sauka. Kusan ƙarshen mako na farko ya zauna ya miƙe ƙafa, ya zarga tawul a tafinta ya jawo har ya ji agara ta miƙe, daƙiƙa 30 sau uku. Daga nan ya dafa bango ya ɗage a kan yatsu sau 10 zuwa 15, zagaye uku, da ƙafa biyu tukuna, sannan da mai ciwon ita kaɗai.

Wanda na fi so kada ya tsallake shi ne tsayuwa da ƙafa ɗaya: daƙiƙa 30 ido buɗe, in ya ƙware ya rufe ido, in ya ƙware ya hau kan filo. Ɗan zafi lokacin motsin ba laifi ba ne. Kumburin da ya ƙaru washegari shi ke nuna an wuce gona da iri.

Wajen salla, zaman tahiya yana tale daidai jijiyar da ta ji ciwo. Ya zauna a kujera na 'yan kwanaki. Tsuguno a banɗaki ma zai ba shi wuya har sai agarar ta saki.

Abu Hanifa:
Ƙarin bayani a kan gashi, tunda gida sun dage. Bayan kwana 3, in kumburi ya fara saɓewa, ruwan ɗumi na minti 15 kafin motsa ƙafar yana taimakawa. Ɗumi na ce, ba tafasasshe ba, kuma mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta ji sosai ya guji gashi da ƙanƙara duka. Na'urar TENS, mai sakin ɗan lantarki, da ake manna wa fata tana dushe zafi na ɗan lokaci, amma a targaɗe irin wannan ba dole ba ce. Farasitamol ya isa. Mai gyambon ciki ya nisanci ibuprofen da diclofenac.

Komawa fili ba da kalanda ake yi ba. Ƙaramin targaɗe kan ɗauki mako 1 zuwa 3, matsakaici 4 zuwa 6. Sai ya iya tsalle da ƙafar ita kaɗai sau 10, ya yi gudu ya karya kwana ba zafi, sannan ya shiga, da abin ɗaure idon sawu na wasu watanni. In bayan mako 6 ƙafar tana kufce masa, a kai shi sashen gashin ƙashi a duba.

Ɗan Fagge:
Na danna duk wuraren, ba a kan ƙashi yake jin zafin ba, kuma ya yi taku 4. Mun sa ledoji a firji. Allah ya saka da alheri.