Neman Shawara: Yarona Yana Bayan Gida da Jini, Ciki Kuma Ya Fara Kumbura

Baban Sadiƙu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna noman rani a wajen Kadawa. Ɗana mai shekara 14 ya daɗe yana fama da murɗar ciki da zawo mai majina da jini. An ce atuni ne, mun sayo magani a kemis. An ce basir ne, ya sha saiwoyi. Yanzu ya rame, idonsa ya yi fari, cikin kuma sai tasowa yake. Wani ya ambaci tsargiya, amma fitsarinsa ƙalau. Ku taimaka don Allah.

Malama Hauwa, ma'aikaciyar lafiya:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, Malam. Tsargiya iri biyu ce a yankinmu: ta mafitsara mai sa fitsarin jini, da ta hanji wadda ba ruwanta da fitsari. Ƙwayar tana fitowa daga dodon koɗi, ta huda fatar wanda ya shiga ruwan kanal ko fadama. Tsutsar tana zama cikin jijiyoyin jinin hanji tsawon shekaru tana zuba ƙwai. Ƙwan ne ke maƙalewa a jikin hanji, ya kawo gyambo da tsiro, jini ya riƙa tsiyaya har yaro ya rasa jini. Abin da ya fi tayar mini da hankali kumburin nan ne, domin ƙwan kan kai hanta, ta taurare, saifa ta girma. Gobe ku je babban asibiti, a gwada bayan gida da jini, a ɗauki hoton ciki. In ba a ga ƙwai a gwajin farko ba, a maimaita. Maganin praziquantel ne, gwargwadon nauyinsa, bayan ya ci abinci.

Alhaji Na Auyo:
Gaskiyar Malama. Mu ma nan kwarin Haɗejia muna ganin irin haka. Ɗan uwa, kada ka bari a yi masa tsaga a ciki. In ka ga aman jini ko baƙin kashi, ko tsakar dare ne a nemi mota.

Baban Sadiƙu:
Na gode, Allah ya saka. To ƙannensa fa? Tare suke wanka a kanal.

Malama Hauwa:
Ka tafi da su duka. Maganin ba ya hana sake kamuwa, saboda haka wanka ya koma rijiya ko burtsatse, shiga shinkafa kuma da takalmin roba mai tsawo. In an zo rabon magani a makarantarsu, ka bari su sha.