Wai indai Hilux ce babu abin da ba za ta ja ba?

Mai Akawal: Slm jama'a, shawara nake nema. Na gaji da hayar kanta (motar ɗaukar kaya) duk sanda za a kai dawaki Kano ko Katsina daga nan Zariya, wancan karon tun hantsi muke jiran direba sai bayan la'asar ya zo, wajen saukewa kuma akawal ɗina, baƙin dokina, ya goge a gwiwa. Na samu tirela mai cin doki biyu, saura motar ja. Wani dillali ya nuna min Hilux 2012 mai fetur, fowil (mai ja da tayoyi huɗu), ta gida ce wani kamfani ya yi gwanjonta, ya rantse min wai indai Hilux ce babu abin da ba za ta ja ba. Haka ne?

Baban Khalifa: Wlh gaskiya ya faɗa maka Alhaji. Motar da ake lafta wa buhunan masara har su wuce kanta ta shiga daji ta fito lafiya, doki biyu ne za su gagare ta? Ga kayan gyara a Ƙofar Ruwa da Panteka kamar ƙasa. Rufe ido ka biya kawai

Oga Bakanike: Baban Khalifa ɗauka daban ja daban. Kuma ni ba jan nake ji ba, tsayawar. Ku yi lissafi, tirelar doki biyu fanko tana kai kilo 800 zuwa 1000, dokinmu na gida ka ce 350 zuwa 400 kowanne, in na Ajantina ne irin na 'yan polo ya fi haka, ka ƙara sirdi da harawa da jarkokin ruwa, ka tasam ma tan biyu kenan a bayanka, ita kanta Hilux ɗin nauyinta bai wuce nan ba. Alhaji tirelar tana da birkinta?

Mai Akawal: Ƙirar gida ce Oga, mai walda ne ya haɗa da aksul ɗin wata tsohuwar bas. Birki kam babu gsky

Oga Bakanike: To ka gani ranka ya daɗe. Buɗe littafin motar, tirelar da ba ta da birki kilo 750 aka yarda ka ja, ko da mai babban inji V8 ce. Manyan lambobin nan da dillalai ke kira duk na tirela mai birki ne. Ranar da akuya ko ɗan acaɓa ya gitta maka a Kwanar Dangora ka taka birki, motar za ta so tsayawa tirelar ta ce ba ta san zancen ba

Ɗan Polo: Shi ya sa ni kullum nake cewa Hilux ta yi shafal da yawa. Bayanta ba nauyi in ba kaya, tirela na fara wutsiya sai ta ɗebe ta. A nemi Land Cruiser ko da tsohuwa ce, ƙirar 200 ta fi tan biyu da rabi, an ba ta jan kilo 3500, kuma tayoyinta huɗu kullum a cikin aiki suke. Doki ba buhu ba ne, motsi yake a ciki, in ya jingina gefe ɗaya a kwana sai ka ji a sitiyari

Baban Khalifa: Hhhh yallaɓai V8 a wannan marrar? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wa ke kunna V8 in ba gwamnati ke zuba masa ba. Kuɗin man zuwa Katsina da dawowa ai ya biya hayar kantar da ake gudu

Ɗan Polo: Ita Hilux mai inji lita 2.7 ɗin taka in ta ɗauko tan biyu ruwa take sha? Totur a ƙasa za ka yi ta tafiya a giya uku

Baba Zagi: Yara ku bari in sa baki. Shekara da shekaru ina bin dawaki, ban ga abin da fowil ya ƙara wa mai tafiya a kan kwalta ba. Kano kwalta, Katsina kwalta. Kuɗin nan ka sayi kanta taka ta kanka, a yi mata katako mai kyau da shimfiɗar buntu, doki huɗu ka zuba har da yaran barga

Mai Akawal: Allah ya ƙara girma Baba, na yi wannan tunanin, sai dai kanta ba zan kai yara makaranta da ita ba, ni mota ɗaya nake so ta yi min biyu

Oga Bakanike: A kan kwalta Baba ya fi ku gaskiya, Hilux ma in ka bar ta a 4H, wato fowil na gudu, a busasshen titi kai za ka kashe ta da hannunka. Amma filin kilisa da damina fa? Na taɓa zuwa ciro wata jif marar fowil a bakin fili, tayar baya sai wulwulawa take tana watsa taɓo, dawaki na ciki suna ta buga ƙafa, sai da aka sauke su aka tura. Mita hamsin ɗin nan ita ake sayen fowil dominta, ka sa 4L, wato fowil na ƙarfi, ta taso a hankali kuloci bai ƙone ba

Abban Sultan: Ni dai me zai hana a duba Beljiyam ta Amurka, Tundra ko Sequoia, da yawansu da ƙugiyar ja ta kamfani suke zuwa

Oga Bakanike: Suna da kyau amma a shiga ƙarƙashi da tocila da guduma. Can gishiri suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, yana cin shasi, har Toyota sai da ta amince a 2016 ta canza wa mutane shasin Tacoma da Tundra da Sequoia na wasu shekaru saboda tsatsa. Fenti na walƙiya a sama ƙasa kamar wainar da ta ƙone. In otomatik ce mai sandar man giya a zaro ta a sansana, in yana ƙauri a gudu. Kuma don Allah ƙugiya a jikin shasi ake ɗaure ta da ƙusoshi, ba a bamba ba, abin da masu walda ke liƙawa a bamba ɗin nan ranar da zai cire ba sallama

Baban Khalifa: Duk kun zagaya kun dawo, ba wanda ya ce Hilux ba za ta ja ba

Ɗan Polo: Ba wanda ya ce za ta tsaya kuma

Mai Akawal: To Oga in aka sa wa tirelar birki, Hilux ɗin ta yi ko in haƙura?

Oga Bakanike: Doki biyu na gida za ta yi in lafiyarta ƙalau, amma motar kamfani hannu goma ne ya tuƙa ta, sai na ga kuloci da lagireto da safirin na baya tukuna. Ce wa dillalin ya kawo ta gareji ranar Asabar mu hau da ita rami, ya taho da takardun gwanjon

Baba Zagi: Ni dai in kun gama ku ɗora min akawal a baya, zan bi ku a kanta