Musayar Waƙa: Yadda Ake Gina Labarin Dilan Ƙwaya

Ɗan Fagge:
Amsa-amonmu na yau "-ya" ne. Batu: littattafan dilan ƙwaya, buri da amana. Bismillah.

Marubuta, ina da ƙorafi
Kan littattafan dilan ƙwaya.
Babi na ɗaya yaro na tura baro,
A na uku ya tara dukiya.
Wa ya ba shi jari? Wa ya tsaya masa?
An tsallake wannan tambaya.
Yaya, ke da kike tace rubutu,
Jero mana matakan ɗaya-ɗaya.

Yaya Mai Jan Biro:
Ƙanena, matakai huɗu ne,
Wanda ya cakuɗa su ya yi ƙarya.
Na fari ɗan leƙe a bakin lungu,
Aikinsa fito ko buga waya.
Ladansa taliya da 'yan canji,
Ba a ba shi riƙon kaya.
Na biyu mai sayar da ɗaiɗai,
Bashi yake karɓa, ya sayar, ya biya.
Na uku dila mai ɗakin sito,
Da sunan wani ya kama haya.
Na huɗu oga, sahun gaba a masallaci,
Hannunsa bai taɓa riƙe ƙwaya.
Shi ke raba shinkafa da azumi,
Unguwa ta sani, ta ci, ta yi godiya.
Ka daɗe a na biyu, nan labarin yake,
Bashi ne ke haifar da biyayya.
In an kama kaya a hannun yaro,
Oga ba ya yafe ko sisi ɗaya.
Sai ya karɓi ninki don cike giɓi,
Daga nan babu komawa baya.

Malam Mai Kemis:
Yaya, na yarda. Ni gyarana
Kan kayan ne da kuma hanya.
Tiramol na asibiti miligiram 50 ne ko 100,
Mai 225 haramtacce ne a Nijeriya.
Ta ruwa yake zuwa cikin kwantena,
Mafi yawansa daga Indiya.
Ya sauka Legas, Kwatano ko Lome,
Wani ya bi Agadas ya nufi Libiya.
A Mayun 2018 aka hana ruwan kodin,
In labarinka ya biyo baya,
Kar ka jera kwalabe a kan kanta,
Farashi ya hau, ciniki ya koma ɓuya.
Wanda kuma ya zarce da tiramol
Ba rawa yake ba, ba dariya:
Faɗuwa yake, jiki na jijjiga,
Sai ka rantse farfaɗiya.
Wanda ya rasa ƙwayar kwana biyu kuwa,
Hamma, gumi, barci ya yi wuya,
Hanci na yoyo, gaɓɓai na ciwo.
Kar ka warkar da shi a shafi ɗaya.

Lauyan Zariya:
Malam, a kotu aka fi kwafsawa,
An mai da shari'a tatsuniya.
Ƙarar NDLEA, hukumar yaƙi da ƙwaya, ba ta majistare ba ce,
Ta Babbar Kotun Tarayya.
Hukumar tun 1989 take nan,
Buba Marwa ya hau shugabancinta a 2021.
(Ku karanta shekarar da Hausa, amsa-amon bai karye ba.)
A gaban wanda aka kama ake awo,
A gwada, a like, a kai ajiya.
Ya sa hannu, samfur ya tafi gwaji,
Takarda ta ɓace, sai murnar lauya.
Ga inda amana ke tsinkewa:
Oga zai aiko saƙo ta baya,
"Ka amsa laifi, kar ka ambace ni,
Zan riƙe maka Inna da amarya."
Wata na fari buhu ya iso,
Na uku rabi, da haƙuri da magiya,
Na biyar Inna ta kira sau goma,
An daina ɗaga mata waya.
A nan yaro ke neman mai bincike,
Ba don tuba ba, don ramuwar gayya.

'Yar Damagaram:
Yayyena, kun cika lissafi,
Kun bar yaron babu zuciya.
"Yana son kuɗi" ba buri ba ne,
Ku faɗi abin da zai saya:
Adaidaita sahu nasa na kansa,
Ko lefen da ya hana shi tsaya,
Ko kujerar Makka ga mahaifiya,
Ya ji ana ce mata Hajiya.
Kuma ina mata? Binciken 2018
Ya ce miliyan 14.3 ke shaye-shaye a Nijeriya,
Cikin kowane huɗu mace guda ce,
Ku kuwa kun aje ta don soyayya.

Ɗan Fagge:
Na karɓa, ƙanwata. To babin ƙarshe fa?
Harbi, ko tuba da kuka a tsakiya?

Yaya Mai Jan Biro:
Ko ɗaya. Bar shi a gidan yarin Kurmawa,
Ana ɗage zama, yana ƙirgen kwana ɗaya-ɗaya.
Ran ziyara Inna ta zo da tuwo,
Ya tambayi ƙaninsa, ta ce yana lafiya,
Ya sami aiki wajen Alhaji,
Har an saya masa sabuwar waya.