Muhawara: Aikin gini zai iya raya sassaƙar jirgin ruwa a Lamu?

Injiniya: Assalamu alaikum. Ni dai ra'ayina, in ana so sassaƙar jahazi, wato jirgin ruwan katako mai tafiya da iska, ta rayu a tsibirin Lamu na Kenya, a jawo masassaƙan cikin aikin gini. UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, kuma 'yan yawon buɗe ido ne ke riƙe da kasuwarsa. Masu ɗaukar fasinja da yawa sun koma jiragen faiba masu inji, to wa zai ba da aikin sabon jahazi? Amma otal-otal da gidajen ƙauyen Shela da ke tsibirin kullum cikin gyara suke. Hannun da ya iya fitar da haƙarƙarin jirgi, rufin rumfa ko matakala ba za su gagare shi ba.

Baban Hafsat: Wa alaikumus salam. Injiniya, ban yarda ba. Rufi ba ya nitsewa. Masassaƙin Matondoni, ƙauyen masu ƙera jirgi a tsibirin, ba ya aiki da zane a takarda, da ido da gatari yake auna komai, sannan teku ta gwada aikin nasa. Katako ya karkace kaɗan, ko toshiyar auduga da mai ba ta kama ba, ruwa zai tona asiri ran farko. Yaron da ya koyi sana'ar a rufin otal, kafinta zai fito, ba mai jirgi ba. Dubi mtepe, jirgin da ake ɗinkawa da igiyar kwakwa babu ƙusa ko ɗaya. Da aka daina shiga ruwa da shi, sai ya koma kayan kallo a gidan tarihi.

Maman Ummi: Ni tsorona daban ne. Bayan sace Turawa a 2011 da harin garin Mpeketoni da ke yankin Lamu a 2014, baƙi sun ɗauke ƙafa, otal-otal suka zama wayam. A ɗaure sana'ar da ƙafar baƙo, ran da bai zo ba fa?

Injiniya: Maman Ummi, wannan kam gaskiya ce. Amma Baba, gini da jirgi ba yau suka haɗu a Lamu ba. Ɗakunan tsofaffin gidajen dogaye ne marasa faɗi, saboda tsawon boriti ne ke yanke faɗinsu, wato itacen bakin teku da suke rufi da shi kamar azararmu. Boritin nan kuwa, a da jahazi ke kwasarsa har ƙasashen Larabawa idan iskar kusi, mai busowa daga kudu, ta taso.

Baban Hafsat: To ai ka kawo min hujja. Jirgi ne ya ciyar da ginin, don yana tafiya.

Ɗan Autan Gida: Iyayena, ku ba ni dama. Ali Skanda, masassaƙin Lamu, ya ƙera jirgin Flipflopi da robar bola da tsofaffin silifa, kuma a 2019 iska ta kai shi har Zanzibar. Katako ya canza, amma ilimin na jirgi ne. Tseren jiragen da ake yi lokacin Maulidi da bikin al'adu ma yana sa a gyara tsofaffi.

Maman Ummi: Tseren sau nawa a shekara, ɗana? Mai iyali kullum yake cefane.

Baban Hafsat: Shi ya sa ban hana su karɓar aikin otal ba, su ci abinci. Sharaɗina, duk mai ginin da ya ɗauki masassaƙi ya biya kuɗin jirgi ɗaya, ko ƙaramin mashua ne, a sassaƙa shi da almajirai a tura shi ruwa. Injiniya, za ka iya sa wannan a kwangila?

Injiniya: Zan iya rubutawa, Baba. Samun mai otal ɗin da zai sa hannu shi ne aikin.