DOM ƴar gidan amfetamin ce, amma maganin hana barci ce?

Malam Sani: Jama'a, wani ya kafe min cewa ƙwayar da ake kira DOM, tunda daga dangin amfetamin ta fito, maganin ƙara kuzari ce kawai. Ni dai ban gamsu ba.

Bilkisu: Ai da gaskiyarsa, Malam. Cikakken sunanta ma da "amfetamin" ya ƙare. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Usman: Ƙanwata, wannan ɗan barewar ya saki hanyar gidansu. Ginshiƙin sinadarin ɗaya ne, amma an maƙala masa ƴan rassa uku, aikinsa ya juya. Amfetamin dofamin yake tunkuɗowa, wato sinadarin ƙwaƙwalwa mai zaburar da mutum. DOM kuwa makamar wani sinadarin daban, serotonin, wadda ake kira 5-HT2A take nufa a ƙwaƙwalwa, inda LSD, ƙwayar da ke sa gane-gane, ke kamawa. Shi ya sa wanda ya sha yake ganin bango yana numfashi, zanen shimfiɗa yana tafiya.

Bilkisu: Amma Yaya, yana barci?

Usman: Ina fa! Takan riƙe mutum awa 14 zuwa 20, zuciya na dukan uku-uku.

Bilkisu: To ka dawo maganata.

Hajiya Rabi: Bai dawo ba, ƴata. Mai shan maganin hana barci aiki yake so ya yi. Wannan kuwa ko maɓallin rigarsa ba lallai ya iya sakawa ba. Wani masanin sinadarai, Alexander Shulgin, ne ya haɗa ta a farkon shekarun 1960 yana aiki da kamfanin Dow Chemical. A 1967 ta ɓulla a birnin San Francisco na Amurka da sunan STP, kowace ƙwaya miligiram 20, abin da ya yi yawa ƙwarai. Ga ta da jinkirin tashi. Mutum ya sha, awa guda shiru, ya ce jabu ce, ya ƙara. Haka aka riƙa kwasar mutane zuwa asibiti a firgice.

Malam Sani: Ashe shi ya sa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 kan ƙwayoyi masu juya hankali ta sa ta a rukunin farko, mafi tsananin doka, tare da LSD, amfetamin kuwa yana rukuni na biyu.

Bilkisu: Na ji, Hajiya, na janye "kawai" ɗin. Amma bugun zuciyar da hana barcin nan, har gobe ina ganin gadon gidansu ne.

Usman: LSD ma tana hana barci, kuma ba ƴar gidansu ba ce. Ita kuma a ina ta gada?