Masu aikin sa kai da yara masu nakasa, me kuka tarar?

Ɗaliba, Kano: Salamu alaikum. Hutun nan ina so in fara zuwa wajen yara masu buƙata ta musamman, amma ina tsoron in je in zame musu kaya. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah me kuka gani da idonku?

Malamin firamare, Kano: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shekara biyu ke nan ina zuwa wajen yara kurame duk Asabar. Da na je sai na tarar maganar hannun da na saba yi da kuramen unguwarmu daban take da ta aji, don ta makaranta daga ta Amurka ta samo asali. Yaran ne suka zaunar da ni suka koya mini. Bayan wata guda suka raɗa mini suna da hannu, shafa gemu sau biyu. Daga ranar suka fara kawo mini ƙarar junansu.

Ma'aikaciyar jinya, Sakkwato: Ni yara masu cutar noma na taimaka wa jinya, wadda ke cin baki da kumatu. Daga gyambon dasashi take farawa, galibi ga yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ko ƙyanda ta raunana, kuma idan aka kai shi asibiti da wuri magani yana tsayar da ita. Sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Akwai wata yarinya da ba ta sauke mayafi daga fuskarta ko a gaban uwarta. Kwana tara ina yi mata kitso da lalle ban ce ta buɗe ba. A na goma da kanta ta janye shi don ta sha kunu. Har yau in na tuna sai idona ya cika.

Direba, Maraɗi: Namu na masu karkatacciyar ƙafa ne tun haihuwa. Filasta ake sauyawa kowane mako, kusan mako shida, sannan takalmi mai ƙarfe da dare har shekara huɗu. Yawanci kuɗin mota ke sa iyaye su yanke zuwa, ƙafar ta koma. Mu biyar muke karo-karo, ni nake kai su.

Uwar yaro mai shan inna, Zariya: 'Yata, bari in faɗa miki ta ɓangarenmu. Masu zuwa da katan ɗin taliya su jera yaranmu a ɗauki hoto su tafi, wallahi suna ƙona mana rai. Tun Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, amma har yanzu ajin ɗana matakala ce. Wani matashi maƙwabcinmu ne ke goya shi kullum da safe, ya dawo ya ɗauko kekensa. Idan za ki zo, ki tsayar da rana ɗaya, kada ki saɓa. Yaran suna ƙirga kwanaki.

Ɗaliba, Kano: Na gode, Mama, Allah ya ƙara masa lafiya. Malam, Asabar ƙarfe nawa kuke farawa?