Me za ka fi kewa in ka bar Kaduna?

Malama, Unguwar Dosa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya ƙanena ya kira ni daga Ingila, inda yake aikin jinya shekara biyu ke nan. Matarsa ta sauka lafiya, an samu mace, ranar ce ranar suna. Na ɗauka murna zan ji, sai na ji muryarsa ta yi sanyi. Ya ce, "Yaya, mu biyar ne a ɗakin, har da jaririyar." Kuɗin rago nan gida ya turo, a ƙofar gidanmu aka yanka, mu muka ci, su ko ƙamshi ba su ji ba. Mai jego ita ke yi wa jaririya wanka, ita ke dama wa kanta kunu. Tun ranar abin yake cina. Kullum kukanmu tsadar rayuwa da rashin wuta da rashin tsaro, kuma kukan gaskiya ne, ni ma albashina ba ya kai ni ashirin ga wata. Amma yau ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa wanda ya sa zaman ƙasar nan ke masa daɗi. Ban da ji-ta-ji-ta.

Baba, tsohon ma'aikacin masaƙa, Tudun Nufawa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raya, ya ba uwa lafiya. Jikana ke rubuta mini, ina faɗa masa.

Na zo Kaduna a 1976 daga wajen Malumfashi, ban san kowa ba. Na sauka a tashar Kawo da magariba, wani mai shayi ya ga ina ta waige-waige, ya ce, "Baƙo ne?" A bencinsa na kwana mako biyu, bai karɓi ko kwabo ba, kuma shi ya haɗa ni da wanda ya kai ni Kakuri. Lokacin masaƙu na ganiyarsu. Ta farko tun 1957 aka buɗe ta, zamanin Sardauna, sauran suka biyo baya. In aka busa jiniyar tashi, kekuna ne za ka ga sun cika titi kamar fari. A gefen injina akwai Bayarabe, akwai Tibi, akwai Banufe, da wani ɗan ƙabilar Bajju daga Zonkwa wanda muka yi shekara ashirin muna zaune gida ɗaya.

A rikicin watan Fabrairu na 2000, wannan mutumin ne ya shigar da ni da iyalina, mu takwas, cikin uwar ɗakinsa. Kwana uku muna ciki. Da kunnena na ji ana dukan ƙofa, na ji ya ce, "Babu kowa a nan sai iyalina." Matarsa ce ke kawo mana ruwan alwala a bokiti, tana rufe shi da zane. Bayan ƙura ta lafa na ƙetaro kogi na dawo wannan ɓangaren, kamar yadda dubban mutane suka yi, wasu suka yi kudu, wasu arewa. Wannan rabuwa har yau tana mini ciwo. Amma ba a taɓa yin Kirsimeti shinkafarsa ba ta ƙetaro gada ba, ba a taɓa yin Babbar Sallah cinyar ragona ba ta je masa ba. Da ya rasu na je na zauna da 'ya'yansa har aka gama karɓar gaisuwa. Har gobe Baba suke ce mini.

Maman 'yan biyu, Tudun Wada

Baba ka sa ni hawaye wallahi. Anti Malama, ki ce wa amaryarku ina mata sannu, na san abin da ta rasa. Da na haifi 'yan biyu, mahaifiyata ta riga ta rasu, uwar mijina kuma tana ƙauye ba ta da lafiya. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta ɗauki abin a kanta. Kafin kiran asuba ta hura wuta, ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta zo ta tsaya a kaina sai na yi wanka. Ga kunun kanwa, ga farfesu da yajin jego. Kwana arba'in ba fashi. Da na ba ta turmin atamfa ranar da muka yi arba'in, faɗa ta yi mini, ta ce ita da uwata ɗaya ne.

Sai lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da aka canza fasalin naira. Kuɗi na banki, hannu babu ko sisi. Mai shagon layinmu ya ɗauko littafi ya ce kowa ya ɗauki abin da zai ci, a rubuta. Mako shida muna cin garinsa da mansa a kan amana.

Maƙeri, Panteka

Ni abin da zan faɗa shi ne, a ƙasar nan yaro zai iya zuwa hannu rabbana ya tashi da sana'a. Ina ɗan shekara goma sha uku kawuna ya riƙo hannuna ya kawo ni Panteka, ya ce wa maigidana, "Ga ɗanka nan." Iyakar yarjejeniyar ke nan. Ba takarda, ba kuɗin makaranta, shi ne ma yake ba ni na abincin rana. Na fara da tsintar gwangwani da ɓaraguzan alminiyam, sai hura wuta, sai na koyi danna yashi a jikin tukunya a fitar da siffarta, a zuba narkakken ƙarfe, a jira ya huce, a fasa yashin tukunya ta fito sabuwa fil. Ranar da tawa ta farko ta fito ba huji, maigida ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya saurari ƙararta, ya miƙo mini ya ce in kai wa innata. Tana nan har yau ana tuwo a ciki. A kasuwarmu ana ƙera injin niƙa, injin casar masara, murhun gawayi, ƙofofi, duk da abin da wasu suka zubar. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ma wurinmu suke zuwa in za su haɗa aikinsu na kammala karatu. Yanzu yara shida ke ƙarƙashina, kuma yadda aka yi mini haka nake musu.

Ɗan Rigasa

Ku yi haƙuri iyayena, ni zuciyata ba ta kwanta da wannan hira ba. Shekara uku da suka wuce aka tare motar da yayana ke ciki a hanyar Birnin Gwari, ya yi kwana hamsin da biyu a daji. Mun sayar da gona, mun sayar da babur. Duk wanda ke Rigasa kuma bai manta daren 28 ga Maris 2022 ba, da muka yi ta jiran jirgin ƙasan Abuja a tasha bai iso ba, ashe 'yan bindiga sun kai masa hari. Ina tsoron kada mu yabi haƙurinmu har masu mulki su ɗauka mun gamsu.

Amma tunda Malama ta ce a faɗi abin da ido ya gani, zan faɗa. Da kuɗin suka gaza, liman ya yi sanarwa bayan sallar isha'i. Aka shimfiɗa rawani a ƙofar masallaci. Na ga mai gyaran takalmi ya juye duk abin da ya samu ranar. Wata mai ƙosai ta aiko da ɗan kunnenta a ƙulle cikin leda, ta ce kada a faɗi sunanta. Mutanen nan nake so. Halin da aka jefa su ciki ne ba na so, kuma ba zan daina faɗa ba.

Baba, Tudun Nufawa

Gaskiyarka ɗana, kada ka daina faɗa. Allah ya ƙara wa yayanka lafiya, ya mayar muku da abin da kuka rasa.

Ɗaliba 'yar Kagoro, Barnawa

Sannunku iyaye. Ni Kirista ce, yarenmu daban, amma da Hausa muke waƙa a coci, da ita nake ciniki a Kasuwar Barci, da ita nake hira da ƙawata 'yar Igala da muke ɗaki ɗaya. Wannan abu yana burge ni: harshe ɗaya ya ishe ka daga Kafanchan har Maraɗi. Malaminmu na tarihi ya ce Kaduna garin baƙi ne tun asali, in ka cire Gbagyi da aka tarar a wurin, kowa zuwa ya yi bayan Turawa sun dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Wataƙila shi ya sa ba a cika tambayar mutum ɗan gidan wa ne kafin a ba shi wurin zama ba. Ranar 1 ga Janairu kuma ina gayyatarku bikin Afan a garinmu, ku ga duwatsun Kagoro da hazon hunturu a kansu. Baba, labarinka zan karanta wa mahaifina, shi ma yana da irinsa, Bahaushe ne ya fitar da shi daga Tudun Wada a cikin motar itace.

Mai sayar da kayan miya, Bakin Dogo

Ni dai abinci. Komai namu ɗanye ne daga gona, ba wanda ya kwana wata a firji. Masara daga Saminaka, rake daga Maƙarfi, citta daga Kachia wadda har ƙasashen waje ake fita da ita. Shekara kuma tana zuwa da abinta bi da bi: zafi ya kawo mangwaro, damina ta kawo gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, kaka ta kawo sabuwar doya, sanyi ya kawo tumatir da karas har kwando ya yi araha. In mace ta saya na ƙara mata gyara, in ba ta da cikon kuɗi na ce ta kawo gobe.

Direban tanka, Mando

Na yi Legas, na yi Fatakwal, na yi Agadas. Abin da ke dawo da ni gida da wuri shi ne azumi. Da la'asar ka bi ta Unguwar Sarki ka ga sahu ya fito har titi a masallacin Sultan Bello, inda marigayi Sheikh Abubakar Gumi ya yi shekaru yana tafsiri kafin rasuwarsa a 1992. Mahaifina a ƙauye ta Rediyon Kaduna yake saurarensa, akwatin a kan tabarma, ba mai tari. In an sha ruwa kuma duk ƙofar da ka tsaya sai an miƙo maka kunu da ƙosai, ba wanda zai tambaye ka daga ina.

Sai abu na biyu, wanda ya fi wannan nauyi a wurina. Ina Ore, can jihar Ondo, da mota ta lalace aka kira ni cewa mahaifiyata ta cika da hantsi. Ba yadda zan iso. Maƙwabta suka yi mata wanka, wani tela ya ɗinka likkafani bai karɓi komai ba, matasan layi suka haƙa kabari, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Da na iso bayan kwana biyu na tarar da tabarmi a shimfiɗe, dattawan unguwa zaune suna karɓar gaisuwa a madadina, gidaje huɗu suna karɓa-karɓar kawo abinci. Na nemi in biya abin da aka kashe, mai unguwa ya riƙe hannuna ya ce in zauna.

Malama, Unguwar Dosa

Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Na gode muku ƙwarai. Na tura wa ƙanena duka, ya ce matarsa ta karanta na Maman 'yan biyu sau uku. Yanzu na haɗa musu yajin jego da kuka da daddawa da garin kunu, an daka an ƙulle. In akwai wanda ya san mai tafiya Ingila cikin watan nan, don Allah ya yi mini magana, kayan ba su fi kilo uku ba.

Maman 'yan biyu, Tudun Wada

Anti, ki dakata kada ki rufe ƙullin. Gobe in sha Allah zan aiko yaro da kanwa ungurnu da kimba, a haɗa mata.